Fuskata a Cikin Kwalbatin Onklou

Ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da mutanen Onklou suka zaro fuskata daga cikin kwalbati ba, ina tsaye a bakin titi da lasifika a hannu ina kallo. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun sha jin labarin a bakin direbobi, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Tunda na yi ritaya, babu sauran wani girma da zan tsare, gara ku ji shi daga bakin mai fuskar.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, ƙungiyarmu ƙarama ce, ta tsaftar muhalli, ofishinmu yana Kpébié a nan Parakou. Ba ma kwashe shara, ba ma gina magudana. Namu magana ne. Ana ɗaukar mutum a matsayin animater, wato mai wayar da kai, ya riƙa bin unguwanni da kasuwanni yana faɗa wa jama'a kada su zuba shara a hanyar ruwa. In ya jima bai yi abin kunya ba sai a ba shi shef, ya riƙa jagorantar animater huɗu ko biyar, kuma shi ke rubuta rapor, wato rahoto, bayan kowace fita. Sama da shef akwai mai kula da ayyuka gaba ɗaya, wadda a zamanina mace ce, kowa Madam yake ce mata. Lokacin da abin ya faru na shekara goma sha ɗaya a aiki, huɗu daga ciki ina shef. Ina jin Faransanci da Dendi, ga Hausa ta gida, don mahaifina daga Nijar tuƙin babbar mota ya kawo shi ya zauna a unguwar Guéma. Kuma Allah ya ba ni murya. In na riƙe lasifika a kasuwa har masu awon hatsi sukan dakata. Na daɗe ina zaton hikimata ce ke tsayar da su. Ashe ƙarar ce ke hana su jin ciniki.

A ƙarshen ranin waccan shekarar aka shirya mana kamfen na mako guda a Djougou, kafin ruwa ya sauka. Aka buga bandarol shida, wato manyan ƙyallayen talla na roba mai kauri da ake ɗaurewa tsakanin turaku biyu, tsawon kowanne ya kai taku biyar. Mai bugawa ya ce rubutu kaɗai ba ya jan ido, a sa hoton mutum. Madam ta tambaya wa zai tsaya, kafin ta rufe baki na riga na zura rigar aiki. Aka ɗauke ni hoto ina murmushi, hannu ɗaya yana jefa leda a kwandon shara, ɗayan yana nuna mai kallo da yatsa. A ƙasa aka rubuta cewa tsaftar gari daga kanka take farawa. Ranar da aka kawo su na tafi da ɗaya gida da sunan zan duba kuskuren rubutu, na shimfiɗa shi a tsakar gida don matata Hadiza ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce hancin ya fi nawa kyau.

Kamfen ya tafi lafiya. Ranar ƙarshe 'yan ayarina suka shiga motar haya suka yi gaba, ni na tsaya na kwance bandarol ɗin da hannuna, don ban yarda wani ya yage mini fuska ba. Ƙa'idarmu ita ce duk kayan da ka sa hannu ka fitar daga ɗakin ajiya, kai za ka mayar da su. Na naɗe su wuri guda, na ɗaure a bayan babur ɗin ofis, na kama hanyar Parakou da hantsi.

A Onklou ƙishirwa ta tsayar da ni. Akwai wata dattijuwa da rumfarta a bakin titi, kusa da wani kwalbati, tana sayar da ruwan leda da koko da ƙosai. Na sayi ruwa na sha, na ninke ledar a hankali na sa a aljihu yadda kowa zai gani, tunda ina sanye da rigar aiki. Ina juyawa sai idona ya faɗa kan wata doya da wani manomi ya baje a tsallaken titi. Kun san yadda doya ke wuya a ƙarshen rani. Wannan kuwa manya ne, masu tsabta, babu ko ɗaya mai ruɓa, kuma mutumin yana son ya koma gida. Na taya, ya sallama. Sai da aka cika mini buhu sannan na tuna babur baya ɗaya gare shi.

Na gwada ɗora buhun a kan bandarol, ya zame. Na gwada sa bandarol a gaba, ban ga hanya ba. Na tsaya a rana ina duban doya, ina duban fuskata a naɗe. Ban daɗe ina shawara ba, in gaya muku gaskiya. Na ɗauki naɗin nan na gangara, na tura shi cikin kwalbatin, wanda a lokacin a bushe yake ƙayau. Na ce wa kaina ajiya ce, jibi zan dawo. Da na isa ofis na faɗa wa mai ajiya cewa na bar su a Djougou za a aiko.

Jibi ta zama mako uku. Ruwan farko ya sauka a tsakani. Da wani aiki ya sake bi da ni ta hanyar, na rage gudu, na leƙa bakin kwalbatin daga kan babur, ban ga komai ba. Na ce shi ke nan, wani ya tsinta ya rufe akurkin kajinsa. Har wani daɗi na ji, wai fuskata tana kare kajin talaka daga ruwa. Na koma na ce wa mai ajiya iska ta yayyaga su a Djougou. Ya girgiza kai ya ce iskar bana ba ta da mutunci. Na ce wallahi kuwa.

Damina ta kankama. Wata ranar Litinin da la'asar aka tafka ruwa a wajen Djougou, washegari da safe delege na Onklou, wato mai unguwar wurin, ya bugo wa ofis waya. Ya ce kwalbati ya toshe, ruwan da ya kamata ya bi ta ƙarƙashin titi ya juya ya shiga gidaje, suna son a turo wanda zai zo ya yi wa mutane magana. Madam ta sa hannu a takardar izinin tafiya ta miƙo mini.

"Isufu, ka san tsarin," ta ce. "Ka gani da idonka, ka ji kowane ɓangare, sannan ka rubuta."

"Madam, shekara goma sha ɗaya," na ce.

Gidan da ruwan ya fi yi wa ɓarna na wani manomi ne, Malam Alasan, a gangaren titi. Bangon ɗakin ajiyarsa ya zube. Masarar da iyalinsa za su ci har kaka ta jiƙe, busasshiyar doyar da ya tara ta koma laka. Mahaifiyarsa tsohuwa ce ba ta iya tafiya, goya ta ya yi ya fita da ita cikin ruwa iya ƙugu. Na same shi yana shanya masara a kan tabarmi, har ta fara tsami. Ya ɗaga hannu ya nuna mini kwalbatin.

Na gane wurin. Ba zan yi muku ƙarya ba, bandarol ɗin nan ya faɗo mini a rai. Amma na tuna ai na leƙa da idona ban ga komai ba, sai na kori tunanin. Abin da ke bakin kwalbatin kuwa a fili yake: ledojin ruwa ne cunkus, sun haɗu da ciyawa da laka. Taku kaɗan daga nan ga rumfar mai sayar da ruwan leda. Ban ga abin da ya rage a bincika ba.

Sunanta Inna Salamatu. Asalinta 'yar Djougou ce, daga tsofaffin gidajen fataken goro, aure ya kawo ta Onklou, mijin ya rasu ya bar ta da jikoki a gabanta. Da rumfar nan take ciyar da su, don a daidai wurin ne motocin haya ke tsayawa. Ina zagaya wurin da littafi a hannu ta matso, ta gaishe ni da Hausa, tana ce mini Mushe, wato malam a Faransanci.

"Mushe, sannu da hanya. In ka ba ni dama akwai abin da zan faɗa maka a kan ramin nan."

"Inna, kowa zai samu lokacinsa," na ce, ban ko ɗago kai ba.

Lokacin nata bai zo ba. Na ji ta bakin Malam Alasan, na ji ta bakin delege, na ci tuwo a gidan delege, na hau babur. A rapor ɗina na rubuta cewa musabbabin ambaliyar shi ne sakacin mai sana'a guda ɗaya da ke zubar da leda a bakin hanyar ruwa, na ba da shawarar a tashe ta a mayar da ita bayan kasuwa. Bayan kasuwa babu motar da ke tsayawa, na san haka. Delege ya karɓi shawarar, ya ba ta zuwa ranar Alhamis. Aka kuma sa ranar don aikin gayya: maza za su buɗe kwalbati, ni zan yi jawabi.

Ranar Alhamis na isa da sassafe, rigar aiki a goge. Mutane sun cika bakin titi, maza da fartanya da shebur, mata da bokitai. Inna Salamatu ta riga ta kwance rumfarta. Tana zaune a kan wani kututture, tukunyar koko da kaskon suya da turakun rumfar a ɗaure a gefenta, tana jiran amalanke.

Na hau kan wani dutse na fara. Da Dendi na yi jawabin, don yawancin mutanen wurin sun fi jin ta. Ban taɓa yin jawabi mai daɗin wannan ba. Na ce kowa yakan ce laifin hukuma ne, laifin ruwan sama ne, amma ni shekarun da na yi a aikin nan sun koya mini mutum ɗaya ya isa ya jefa gari cikin wahala. Na ce mutum ɗaya, saboda son sauƙi na minti biyar, zai tura abu cikin hanyar ruwa ya yi tafiyarsa, wani bawan Allah ya kwana da yunwa. Na ce irin wannan mutum ba shi da kunya. Ban kira suna ba, amma yatsana ya san inda yake nunawa, kuma kowa ya bi shi da kallo. Ita dai ba ta ɗago ba.

A bayana maza suna ta aiki. Sun kwashe ledojin bakin, ruwa bai motsa ba. Wani ya zura doguwar gora mai ƙugiya, ya ce akwai wani abu can ciki mai tauri, kamar gawar dabba. Aka samo igiya, wani mai ƙarfin hali ya kutsa ya ɗaura. Mutum shida suka ja, suka sake ja, abin ya yi wani irin gurnani ya fito, ruwa ya biyo shi da gudu. Jama'a suka yi shewa. Ni ma na ce a lasifika, "To, ga shi nan, yau za mu ga abin da mutane ke aikatawa!"

Wani dogon naɗi ne baƙi ƙirin da laka. Aka yanke igiyar da ke jikinsa, aka warware na sama a kan titi. Wata mata ta kwara masa bokitin ruwa don a ga ko mene ne. Goshi ya fara fitowa. Ta ƙara wani bokitin, ga idanu, ga hanci, ga haƙora a waje ana murmushi. Robar nan mai kyau ce, ko kala ba ta canza ba. Kuma yadda suka shimfiɗa shi, yatsan da ke hoton ni yake nunawa.

Mutane suka dubi ƙasa, suka dubi kan dutse, suka sake duban ƙasa. Aka warware na biyu, ni ne. Na uku, ni ne. Wani tsoho ya matso da sandarsa ya ƙura wa hoton ido, ya ce, "Wannan kam har rigar ba su canza ba."

Delege mutum ne mai son rufin asiri, kuma na ci tuwonsa. Ya yi gyaran murya ya ce lallai ɓarayi ne suka sato kayan ma'aikata daga Djougou, da suka ga ba za su sayu ba suka cusa a nan. Ya dube ni don in tabbatar. Ga ƙofa an buɗe mini. Kuma na shiga, kada ku ɗauka ban shiga ba. Na ɗaga lasifika na ce, "Ƙwarai kuwa, mun daɗe muna neman kayan nan."

Na sauko daga kan dutsen. Hanyar da zan bi zuwa babur ta gaban Inna Salamatu take. Ina zuwa daidai ita, ta ce da ni da Hausa, a hankali, yadda ko na kusa da ita ba zai ji ba:

"Mushe Isufu, doyar nan ta yi daɗi kuwa?"

Ashe tana kallona ranar. Ashe abin da ta so ta faɗa mini ke nan ranar Talata, ni da ita, ba tare da kowa ya ji ba. Ko a wannan lokacin ma ba ta yi nufin tona ni ba, shi ya sa ta yi ƙasa da murya, ta kuma zaɓi harshen da ba kowa ke ji ba. Na sunkuya na ce, "Inna, don girman Allah ki rufa mini asiri."

Abin da ban lura ba shi ne, shekara goma sha ɗaya sun saba wa babban yatsana danna maɓallin lasifika duk lokacin da na buɗe baki. Maganar ta fita har tsallaken titi. Masu jin Hausa a wurin ba su da yawa, amma sun isa. Kafin in miƙe an fassara ta zuwa Dendi da Yom.

Mutane sukan ce mini aƙalla na yi ƙarfin halin faɗin gaskiya. Ban yi ba, lasifika ce ta yi. Abin da kawai zan iya cewa nawa ne shi ne na koma kan dutsen nan na ba da labarin duka, har doyar, wadda ba wanda ya tambaye ni. Na ce matar nan ba ta da laifi, rapor ɗin da na rubuta ƙarya ne, don ban saurare ta ba. Wasu suka yi dariya har da riƙe ciki. Malam Alasan bai yi ba. Ya taho ya cafki wuyan rigata.

"Uwata na goya cikin ruwa," ya ce. "Saboda doya?"

Delege da wasu dattawa suka ɓamɓare hannunsa. Da ya mare ni ma da ban ce komai ba.

Aikin bai ƙare ba, don bandarol ɗin marufi ne kawai. Abin da ya taru a bayansa sai da aka kai azahar ana jansa. Ledoji ba iyaka, tsofaffin gidajen sauro, kwalaben maganin feshi, buhunan taki, takalma, har da katifar yara. Tun ana dariyata, sai dariyar ta fara raguwa, don kowa ya fara gane kayan gidansa. Na ga wata mata ta sa ƙafa tana tura wani tsohon zane ƙarƙashin laka. Ba na faɗi haka don in wanke kaina ba. Shekara da shekaru tarkacen nan yana wucewa da kyar, ni na zo na rufe masa ƙofa.

A nan ne delege ya amsa, yana sosa ƙeya, cewa sau biyu Inna Salamatu ta zo ta gaya masa ruwa ba ya wucewa, ya ce ta bari masu gyaran hanya su zo. Maƙwabtanta kuma suka ce kullum da safe, kafin ta ɗora koko, sai ta sa manjagara ta share bakin kwalbatin, ledojin masu sayen ruwanta kuwa buhu take tara su. Waɗanda na gani ranar Talata ruwa ne ya kwaso su daga cikin gari. Na tambaye ta me ya sa ba ta ciro bandarol ɗin tun ranar ba.

"Kayan ma'aikata ne," ta ce. "In na taɓa a ce na sata. Na ce mai su zai dawo. Da ruwan farko ya tura su ciki kuma, hannuna bai kai ba."

Da hannuna na taya aka sake kafa mata rumfar. Ban iya ɗaurin turaku ba, sai da ta kwance ta sake.

Washegari na shiga ofishin Madam. Labari ya riga ni, direbobin hanyar Djougou ba sa kwana da magana. Rapor ɗina yana gabanta. Ta turo mini shi ta ce in karanta sakin layi na biyu da ƙarfi. Na karanta: sakacin mutum guda ɗaya.

"Bon," ta ce da Faransanci. "Wannan layin daidai ne. Sunan kawai ka kuskure."

Ta ba ni takardar neman bayani, wadda a ƙa'ida ake ba ma'aikaci kwana biyu ya amsa a rubuce. Bayan ta sai gargaɗi, aka kuma sauke ni daga shef na shekara guda, na koma ƙarƙashin wani da ni na koya wa aiki. Ta ce ɓatar da kayan ofis ƙaramin abu ne a wurinta, ƙaryar da na yi wa mai ajiya ta fi shi, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne na je da sunan ƙungiya na raba tsohuwa da abincinta ban ji ta bakinta ba. Ina shirin fita ta tambaye ni me zan yi wa mai gidan da ya rushe. Na ce na ɗauka ofis zai duba.

"Ofis bai sayi doya ba," ta ce.

Haka na riƙa zuwa Onklou duk ranar Asabar har damina ta ja baya. Na kai wa Malam Alasan masara daga abin da muka ajiye a gida, Hadiza tana auna mini tana cewa ba ta taɓa cin doya mai tsadar wannan ba. Na kwaɓa ƙasa, na ɗauki tubali, muka tayar da bangon. Ranar farko tafin hannuna ya kumbura ya fashe. Malam Alasan bai amsa gaisuwata ba sai a Asabar ta huɗu, ita ma da ka. Ranar da muka gama ya dubi layin da na jera, wanda ya karkace kamar bayan raƙumi, ya ce, "Bakinka ya fi hannunka ƙwari." Ya rushe layin ya sake da kansa. Ba mu zama abokai ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Da na koma kan matsayina, na so in saka wa Inna Salamatu. Na roƙi Madam a naɗa ta wakiliyarmu a Onklou, a ba ta riga da hula da kati. Na kai mata da kaina, ina jin na yi abin kirki. Ta ɗaga rigar ta duba gaba da baya, ta ninke ta mayar mini.

"Ɗana, in na sa wannan za su ce an ɗauke ni aiki. Yanzu in ina shara mai wucewa yakan ji kunya ya karɓi manjagarar. Ranar da na sa riga, ko leda ba mai sake ɗagawa, za a ce a bar wa mai albashi."

Na dawo da rigar ofis. Ban taɓa jin wannan a wani taron horo ba.

Damina ta gaba kwalbatin ya sake toshewa, kuma wannan karon babu hannuna. Wani injiniya da muka kai ya auna ya ce tun farko an yi shi ƙarami, ko ba shara wata rana zai gaza. Mun rubuta, mun sake rubutawa, har na bar aiki ba a faɗaɗa shi ba. Wannan ba abin da manjagara za ta gyara ba ne, kuma kada wani ya ce muku tsintsiyar tsohuwa za ta maye gurbin siminti. Amma ranar da ya toshe ɗin, an ce kafin ruwa ya kai gangare mutane sun fito cikin ruwan da gora da shebur, Malam Alasan a gaba, suka buɗe shi. Babu gidan da ya jiƙe. Ba wanda ya bugo mana waya, sai daga baya muka ji.

Ku da kuke aikin yanzu, na san har gobe a taronku ana gardama ko mutane ne matsala ko mutane ne mafita. Ni na daina shiga wannan gardamar, don na lura duk mai yin ta yakan manta ya ƙirga kansa. Aikinmu yana da wata cuta: yana sa mutum ya riƙa cewa "mutane" kamar shi daga wata duniya aka aiko shi. In aka tura ku gari, kafin ku kunna lasifika ku zagaya ku tambaya wa ke share wurin da ma. Kusan kullum akwai shi, kuma sau da yawa shi ne wanda ya fi kusa da dattin, shi ya sa ido ke fara sauka a kansa. Ku zauna ku ji abin da zai faɗa har ya gama. In kuma kun zo rubuta wanda ya jawo ɓarna, ku fara tuna inda kuka bi da abin da kuka ajiye a hanya, sannan ku ɗauki biro.